Tsuntsayen da Na Kira Jan Baki

Shekarun baya, na dawo hutu daga makarantar koyon aikin gona da madubin hangen nesa na aro da littafin hotunan tsuntsaye. Sati biyu kacal na yi ina bin malaminmu kallon tsuntsaye, amma a ƙauyenmu na gefen Bunkure tuni na fara jin kaina masani. Ko shago aka aike ni, madubin yana rataye a wuyana.

Lokacin shinkafar rani ta fitar da kai, ƙwayarta ba ta yi tauri ba. Daidai lokacin ne jan baki, tsuntsayen nan masu cin hatsi, ke sauka, kuma in suka sauka a gona, kafin azahar sun gama da ita. Sai ga garken ƙananan tsuntsaye sun fara kwana a cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin kanal ɗin ban ruwa. Manoma suka taru da yamma za su sa wa wurin wuta. Mahaifina ya ce a tsaya ɗansa ya duba tukuna, kuma har yau ina jin alfaharin da ke cikin muryarsa.

Akwai wani dattijo Bafulatani, abokin mahaifina, da muke kira Baffa. Ya ce waɗannan baƙi ne, duk shekara suke ƙetaro hamada, suna bin ƙafar shanunsa suna tsintar ƙwari, ba ruwansu da hatsi. Wani ya ce ai Baffa ba shi da shinkafa a fili, shi ya sa.

Na ɗaga madubi. Rana ta riga ta faɗi, ban ga komai ba sai inuwoyi suna shiga ciyawa. Gaskiya ban gane su ba. Amma kowa ya zuba min ido, har da mahaifina.

Na ce, "Jan baki ne."

Ana idar da magariba aka kunna wuta.

Da safe muka same su zube a bakin ruwa. Ciki rawaya, jela doguwa, baki siriri kamar allura, wanda ba zai iya fasa ƙwayar shinkafa ba. Ɗaya yana da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun wata ƙasa mai nisa. Baffa ya ɗauke shi, ya ɗora a tafin hannuna. Ba shi da nauyin komai.

Baffa ya ce, "Ɗana, da ka ce ba ka gani ba, ai da an jira safiya."

Mahaifina bai taɓa ɗaga min maganar ba har ya rasu, kuma shirun ya fi faɗa ciwo. Zoben yana nan a akwatina. Duk sanda aka tambaye ni abin da ban tabbatar ba, na ji bakina yana shirin amsawa, sai in tuna da tsuntsun da ya ƙetare hamada lafiya, ya zo ya mutu a kan kalma ukun da na faɗa don kada in ji kunya.