Ƙafar Kawu Sale

Jama'a, yau na matsa ƙafar da aka riga aka binne!

Kun san Kawu Sale, telan nan na unguwar Briqueterie, wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Da hantsi na je gaishe shi. Yana kwance, maƙwabcinsa na ta ɗinki a keke. Sai Kawu ya ce, "Zainabu, matsa mini ƙafar nan, ta gaji da taka keke."

Na kama ta hagu. Ya ce, "Ba wannan ba."

'Yarsa Hadiza, da ke aikin asibiti, ta raɗa mini, "C'est normal, ba abin mamaki ba ne. Jijiyoyin dungulmin na ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa ba ta san an cire ƙafar ba."

To, na hau matsa iska don ya ji daɗi. Idonsa a rufe, fuskarsa na kallon bango. Ban taɓa ko zanin gado ba.

Can na janye hannuna a hankali, ba motsi.

Ya ce, "Haba 'yar nan, ya kika tsaya? Saura diddigen."