Rumfa Bakwai a Makokin Gwaggo

Ni dai tun ina yarinya aka san ni da baki. Innarmu ta sha cewa bakina aka fara haifa, sauran jiki ya biyo baya. Gidanmu a Hunkuyi gidan malamai ne. Mahaifina yana ba da karatun littattafai a zaure tun daga hantsi har azahar, kuma ban taɓa ganin haƙorinsa a gaban 'ya'yansa ba. To a irin wannan gida Allah ya jefo ni. Na sha tsumagiya, na sha harara, bakin nan bai mutu ba.

Wanda ya fara nuna min cewa baki ma abin yi ne, wani tsohon malami ne da ya koyar da mu adabin Turanci a kwaleji a Zariya. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, kuma limaman coci 'yan ƙasar Ayilan ne suka koyar da shi yana yaro. Ayilan ɗin nan wani tsibiri ne a gefen Ingila. Su ma Turawa ne, amma mutanen Ingila sun mulke su kamar yadda suka mulke mu. Wata rana na yi wa wani ɗan ajinmu mai ji da kai tsiya har aji ya kwashe da dariya, sai tsohon ya ce in same shi a ofis. Na ɗauka faɗa zan sha. Ina shiga ya turo min wani kwali cike da tsofaffin littattafai, ya ce, “Je ki karanta, danginki ne suka rubuta su.”

Wallahi bai yi ƙarya ba. Mutane ne talakawa, manoman dankali, masu riƙo da addini, masu tsoron limamansu da tsoron abin da maƙwabci zai ce. Amma marubutansu ba su ƙyale kowa ba. Limami sun taɓa shi, mai kanti da ya samu ya fara tafiya da ƙirji sun taɓa shi, ɗan siyasar ƙauye kuwa ba a magana. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda suke zuba ba'a fuska a ɗaure, su ba sa dariya, kai mai karatu ne za ka yi ta riƙe ciki. Kuma babu inda suka fi so kamar gidan makoki. Gawa na kwance, ana gulmar wa ya zo, wa bai zo ba, wa ya ci ya ƙara. Ina karantawa ina cewa, kai, waɗannan ai mutanenmu ne aka shafa wa fari. Kwalin nan har yau yana ƙarƙashin gadona a Makarfi, inda nake aure, nake kuma koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata.

Shekara da shekaru ban rubuta komai ba, sai da Gwaggo ta rasu.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, daga baya ɓarin jikinta ya shanye. Wata takwas tana kwance. Duk Juma'a in an tashi makaranta sai in hau mota zuwa Hunkuyi, ba na dawowa sai Lahadi. Ni da Innarmu muke juya ta, mu wanke ta, mu ɗura mata kunu da cokali. Ɗanta ɗaya ne tak a duniya, yana Kaduna da wani muƙami, ana ce masa Honarabul. Taubashina ne. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana yana kirana mai bakin reza, ba mai fushi, don haka al'ada ta ce. A wata takwas ɗin nan sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, wayarsa na ta kuka, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya.

Ita kuwa Gwaggo duk ƙarar motar da ta ji sai ta ɗaga ido ta ce, “Shi ne?”

In ce, “Motar rake ce, Gwaggo.”

Har ta cika tana tambayar nan. Na faɗa a lokacin, zan kuma sake faɗa, abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Washegarin jana'iza sai ga babbar mota ta sauke rumfuna bakwai a ƙofar gidanmu. Bakwai! Aka toshe hanya, aka jera fararen kujeru har da masu riga, aka tayar da janareta, aka ɗaura lasifika. Rumfar manya da darduma da fanka. Aka buga wani ƙaton hoton Gwaggo aka rataye, matar da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ashe daga katin zaɓenta suka ciro. Wani mai murya yana ta shelar isowar baƙi ɗaya bayan ɗaya kamar ana ɗaurin aure. Bawan nawa kuma yana zaune cikin shadda mai ƙyalli, in mai hoto ya matso sai ya sunkuyar da kai ya kai hankici ido. Hankicin nan na gane shi. Mu da muka yi jinya muna can baya wajen murhu, muna tuƙa wa baƙinsa tuwo. Mahaifina kuwa yana zaure a kan buzunsa yana jan carbi.

Ranar da na koma makaranta, lokacin hutun tara, na zauna a ɗakin malamai na ɗauki waya. Na tuna mutanen kwalin nan, na ɗaure fuska yadda suke yi, na rubuta abin da na sa wa suna shawara ga mai shirin rasuwa. Na ce mai hankali ya daure ya cika ranar Alhamis, don manya su samu hutun ƙarshen mako. Ya guji damina, taɓo yana ɓata takalman baƙi. Ya ɗauki hoto mai kyau tun da wuri, kada a koma ga katin zaɓe. Kada ya ja jinya da tsawo, domin ɗakin majinyaci ba ya cin rumfa ko ɗaya, balle bakwai, warinsa kuma ba ya shiri da shadda. Na rufe da yi wa 'ya'ya nasiha cewa dubiya asarar mai ce, ba mai ganinka sai marar lafiya, shi kuma ba ya ɗaukar hoto. Ban sa sunan kowa ba. Na tura a zauren danginmu na waya, na koma aji.

Kafin kwana uku abu ya bar hannuna. An karanta shi a tashar Makarfi, wata ƙawata ta kira ni daga Ikara tana dariya har ba ta iya magana. Kafin mako ya zagayo, in Honarabul ya wuce sai a ce ga Rumfa Bakwai nan. Ni ban raɗa masa ba, amma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Sai Malam, wato mahaifina, ya aiko kirana.

Na same su a ɗakinsa, shi da babban yayanmu da Honarabul. Na durƙusa na gaida su. Honarabul ya fara zuba, an ɓata masa suna, an tozarta makokin mahaifiyarsa, abokan hamayya sun samu abin yawo da shi.

Na ce, “Ikon Allah. Yaushe bawa ya fara kai ƙarar uwargijiyarsa? Ba taubashina ba ne? Wace ce ban faɗa masa ba tun muna yara?”

Mahaifina ya ɗaga hannu, na yi shiru.

Ya ce, “Wasan taubasai da baki ake yi, iska ta kwashe. Ke kuwa rubutawa kika yi. Ni na san tawada, da ita na tsufa. Sannan kin yi wasa da mutuwa. Ki goge, ki rubuta ban haƙuri a inda kika rubuta wancan, ki ba ɗan'uwanki haƙuri a gabana.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ba da mutuwa na yi wasa ba. Wanda ya mayar da ita biki shi ya yi wasa da ita. In akwai ƙarya ko ɗaya a ciki, a nuna min, yanzu in goge.”

Yaya ya sunkuyar da kai. Honarabul ya duba wayarsa kamar ƙaryar tana ciki zai nemo.

Malam ya ce, “Ba tambayarki nake ba.”

Na ce, “Baba, ka yafe ni. Ba zan goge ba.”

Ya dube ni. Sannan ya ce, “To kada ki sake taka min cikin gida sai kin goge.”

Har na isa Makarfi ina kuka a mota, wata tsohuwa tana ta ba ni haƙuri ta ɗauka rasuwa aka yi min. Gidan da aka binne cibiyata, ga Innarmu a ciki. Maigidana ya ce, “Haba, danna abu ɗaya ne fa, ki goge mu huta.” Innarmu ta kira tana roƙo. Sau biyu na ɗora yatsa a kan rubutun. Duk lokacin sai in ji muryar Gwaggo tana cewa shi ne, sai in ajiye wayar. In na goge na ba da haƙuri, na yarda kenan ni ce na yi laifi, shi kuma mai hankici ya fita fes. Wallahi a'a.

Amma cikin gida aka hana ni, ba a hana ni gaisuwa ba. Juma'ar farko na hau mota kamar kullum. Na jira masu ɗaukar karatu suka watse, na cire takalmi, na durƙusa a waje, taki ɗaya kafin dokin ƙofar zaure, na yi sallama da ƙarfi. Shi da bakinsa ya koya mana cewa amsa sallama wajibi ne. Ya amsa, idonsa na kan littafi.

“Baba, barka da Juma'a.”

“Barka kadai.”

“An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya karatu? Ya damina? Ya haƙurinmu?”

Ban tsallake ko ɗaya ba, shi ma bai tsallake ba. Da gaisuwa ta ƙare sai ya ce, “Kin goge?”

“A'a, Baba.”

“Allah ya kiyaye hanya.”

Haka muka yi tun shuka har aka fara yankan dawa. Ruwa ya taɓa dukana a durƙushe, bai ce in shigo ba, ni ma ban matsa ba. Masu shago na leƙe, mata na aiko tambaya, wasu na cewa 'yar Malam boko ya haukata ta. Su ce. Innarmu takan tsaya daga soron ciki inda zan hango gefen mayafinta, wannan ne ya fi yi min ciwo. Tsohon malaminmu ya taɓa gaya mana cewa da yawa cikin marubutan nan na Ayilan barin ƙasarsu suka yi saboda bakinsu, wasu har suka mutu a waje. Nakan tuna haka a mota in ce to ni tawa korar da sauƙi, taki ɗaya ce. Sai dai takin nan ya fi min Zariya nisa.

Wata Juma'a na iso na tarar zaure ba kowa, an naɗe buzu an jingine. Yaya ya fito ya ce Malam kwanansa huɗu a kwance, zazzaɓi da tari, kuma shi ya ce kada a gaya min.

Na tsaya ina kallon dokin ƙofar nan. Ni ce na cika Makarfi da Ikara da ba'ar masu ƙin dubiya. Yanzu ubana yana kwance a ciki, in tsaya a waje in aika da Allah ya sawwaƙe? Ashe sai a nemo min nawa hankicin. Na cire takalmi na shiga. Yaya yana cewa ke, ke, ban ko waiwaya ba.

Ɗakin yana warin magani da man zafi. Malam yana kwance, ya rame, an tallafe kansa da matashi. A gefensa a kan tabarma wani mutum ne zaune cikin tsohuwar kaftani, riƙe da kofi da cokali. Sai da na sake dubawa na gane Honarabul ne. Babu shadda, babu mai hoto, wayarsa tana kife a ƙasa.

Ya ɗago ya harare ni, ya ce, “Mai bakin reza, kin dai ga na zo tun Kawu yana da rai. Kada in ji ni a kashi na biyu.”

Na ce, “Za mu duba halinka, bawa.”

Malam ya buɗe ido. Na durƙusa na yi sallama, ya amsa da ƙyar.

“Wa ya ba ki izinin shigowa?”

“Babu, Baba.”

“Kin goge?”

“Ban goge ba. Ba kuma zan goge ba. In an ce in fita, sai dai a ɗauke ni.”

Tari ya sarƙe shi, muka jira har ya lafa. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya dubi tasa rigar da ta jiƙe da kunu har ƙirji.

Ya ce, “Karɓi cokalin nan a hannunsa. Tun safe yake zuba min a wuya.”