Fijon Baba Mahfuzu da Buhunan Albasa

Ƙanena Ilyasu mai walda ne a Madawa, kuma duk wanda ya san garejinsa na bakin kwalta zai gaya maka hannunsa na da albarka. Ni ma ban musa ba. Abin da masu yabonsa ba su sani ba shi ne, Ilyasu bai taɓa kama aiki ya ce ya ƙare ba. Ka ba shi tukunya ya liƙe mata huda ɗaya, sai ka dawo ka tarar ya cire mata hannuwa yana ƙera wasu, wai na da ba su dace da ita ba.

Mahaifinmu, Baba Mahfuzu, shekara talatin ya yi yana jan Fijonsa, tsohuwar kat-san-kat, wato 404, mai buɗaɗɗen baya, tsakanin Madawa da Buza da kasuwannin ƙauye. Da ciwon baya ya zaunar da shi, motar ma ta zauna a bayan garejin, kaji suna ƙwai a cikinta. Bara waccan bayan sallar layya ya kira mu. Yayarsa, Gwaggo Fatsima, tana can ƙauyenmu gaba da Tabotaki, ƙafa ta hana ta fita. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma shekara bakwai ba su ga juna ba saboda wata maganar gona da ta shiga tsakaninsu. Baba ya ce yana so ya je ya durƙusa gabanta ya nemi gafara tun ido na ganin ido.

Na ce mu ɗauki shatar mota gobe goben nan. Ilyasu ya zabura kamar na zage shi.

"Uban mai gareji shi shiga motar haya? Yaya, so kike a yi mani dariya cikin Madawa? Cikin mota tai za shi tahi. Sati biyu ta tashi."

Na ga yadda fuskar Baba ta washe da jin haka, sai na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin haushin shirun nan.

Sati biyun farko ya tafi ga shasi, wato ƙashin bayan motar, da tsatsa ta ci. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya yanko sabon ƙarfe ya liƙa, aikin ya yi kyau. Da shasi ya yi ƙarfi sai injin ya zama abin raini a idonsa. Ya je Ƙonni ya kwaso injin gazuwal, wato dizal, na wata Toyota da ta yi hatsari. Injin ya ƙi haɗuwa da akwatin giya, ya zauna wata biyu yana ƙera farantin da zai haɗa su. Sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya ta yi gajere, ya yanka biyu ya haɗa ɗaya. Sannan ya ce duwatsun Adar za su kwashe mata ciki, dole a ɗaga ta sama.

Duk wannan lokacin Baba yana sa a ajiye masa kujera tana kallon ƙofar gida. Kowace safiya in na kawo masa kunu sai ya tambaya ko motar ta tashi. Na gaji da cewa saura kaɗan. Na taka har garejin na ce wa Ilyasu ba girin-girin ba dai ta yi mai, tsohon nan ba gasa zai shiga ba. Ya ɗago tabaran walda ya ce in yi haƙuri, saura lam.

Lam su ne ƙarafan nan da ake jerawa kan juna a ƙarƙashin mota su ɗauki nauyi. A wajenmu ba a tambayar gudun mota ko daɗin zamanta, buhun albasa nawa take ɗauka ake tambaya. Don haka Ilyasu ya yi ta ƙara lam har sha ɗaya kowane gefe. Ranar gwaji ya aro buhu ashirin, aka loda, motar ko gezau ba ta yi ba. Direbobin tasha suka yi ta kai masa jinjina, shi kuma yana ta washe baki. Wata goma sha huɗu ke nan daga ranar da ya ce sati biyu.

Muka kama hanya wata Asabar da safe. Motar ta yi tsawo har sai da muka kifa turmi Baba ya taka, maƙwabta biyu suna tallafe da shi. A baya babu komai sai turmin atamfa da kwalin sukari na Gwaggo. Tun daga bakin gari na ji kowane rami yana dukan ƙuguna, ni da ke da lafiya. Baba ya riƙe ƙofa gam har muka wuce Buza, gumi na zubo masa. Da muka hau hanyar duwatsu motar ta dinga tsalle kamar jakin da bai taɓa jin mangala ba. A wani gangare ta yi sama ta dawo, sai Baba ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Muka shimfiɗe shi ƙarƙashin wata aduwa. Ilyasu ya zagaya motar sau biyu, sannan ya dafe kai ya ce ai ba ta da kaya, lam ɗin ba sa lanƙwasa sai da nauyi. Ni da shi muka yi ta jidar duwatsu cikin rana muna zubawa a baya, ina jida ina faɗa masa abin da ke bakina. Da muka gama ya durƙusa ya ce wa Baba yanzu ta yi laushi, ga tudun ƙauyen can ana hange.

Baba ya dube shi ya ce, "Ilyasu, ni buhu nawa ka auna ni?" Ya yi ƙoƙarin tashi zaune, abin ya gagara. "Ku maishe ni gida."

A kwance muka dawo da shi, kan katifar aro, tsakanin duwatsu. Tun ranar bai sake zama kan kujera ba. Washegari Ilyasu ya cire lam shida-shida, aikin bai kai la'asar ba, ya zo yana sunkuyar da kai wai in gaya wa Baba. Na juya masa baya na shige gida.

Bayan kwana uku Baba ya ce in kira masa wayar jikan Gwaggo. Na sa ta yadda kowa zai ji, na riƙe masa kusa da baki. Ya gaishe ta, ya ce ta gafarta masa abin da ya wuce.

Ta ce, "Mahfuzu, wagga magana ba ta waya ba ce. Zakara na yanka maka ran Asabar. Ka taho ka hwaɗa mani ina kallonka."

"To, Yaya," in ji Baba. "Ina nan tahe."

Ya ture hannuna a hankali, ya juya fuskarsa ga bango.