Takardar Koken da Na Rubuta wa Baba Mai Shayi

Akwai abubuwan da mutum kan yi yana saurayi, kafin gemunsa ya cika ya manta da su. Amma abin da ya faru a shekarata ta uku a jami'a a Makka, ko na so in manta ba zai bar ni ba. Yau fiye da shekara goma ke nan, ina koyarwa, ina da iyali, amma har yanzu in ya faɗo mini a rai sai in ji abinci ya fita kaina. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancinsu suna raye, kuma ba su yi mini laifin komai ba.

A bayan ginin da muke ɗaukar darasi akwai wata 'yar rumfar shayi, irin wadda a can ake ce wa bufiya. Wani Balarabe ne mai lasisin wurin, mu dai ba mu taɓa sa shi a ido ba. Wanda muka sani shi ne dattijon da ke tsaye a bayan kanta, Bahaushe mutumin ƙasar Sakkwato, kowa na ce masa Baba, har da Larabawa da 'yan Indonesiya. Shayi da na'a-na'a yake yi, da gahawa mai citta, da burodi da ƙwai. Ya san wanda ba ya shan sukari, ya san wanda ya faɗi jarrabawa tun kafin ya buɗe baki. Ranar da aka bugo mini waya cewa mahaifiyata ta rasu, a kan bencinsa na yi kukana. Ya rufe rumfar da rana tsaka ya zauna kusa da ni har na yi shiru. Na faɗi wannan ne don a san ba a banza na ɗauki zancensa da zafi ba.

Wata safiya muka tarar an kafa ƙaton allo a gaban rumfar, da hoton kofi yana hayaƙi. Wani kamfanin gahawa ne, irin masu rassa a kowace babbar kasuwa, zai buɗe shago a daidai wurin, za a rushe bufiyar. Nan take ran ɗalibai ya ɓaci. Wasu tsadar ce ta dame su, wasu cewa suke yi ina za mu riƙa zama mu yi muhawara ba mai korarmu. Ni kuwa abu ɗaya ne a gabana, kada a tashi Baba.

A can ba a zanga-zanga, balle mu baƙi da ke zaune da igamar karatu, wato takardar izinin zama. Saboda haka muka tsayar da abu biyu. Na farko, ba mai karɓar gahawar ɗanɗano da kamfanin ya fara rabawa kyauta a ƙofar gini. Na biyu, za a rubuta takardar koke a kai ofishin kula da ɗalibai, kowa ya sa hannu. Da yake ni ne mai ji da kansa a Larabci, ni aka ba rubutun. Na kuwa zage. Na sa cikakken sunan Baba, na rubuta cewa ya zo aikin Hajji shekara talatin da wani abu da suka wuce, son ƙasa mai tsarki ya hana shi komawa gida ko sau ɗaya. Har hotonsa na manna, yana zuba shayi. Da na karanta wa abokaina, wani har ƙwalla ya yi, kaina ya ƙara girma.

Na je na gaya wa Baba cewa muna shirin kai koke a kansa. Ban nuna masa takardar ba, so nake ya ga sakamako kawai. Ya dakata da goge kanta ya dube ni.

"Ku bari, ɗana," in ji shi. "Don girman Allah ku bari."

Dariya na yi. Na san mutanenmu da kara. Ka kai wa dattijo taimako, sai ya ce a'a sau uku kafin ya karɓa, in ka janye a karon farko ma kai ne marar tarbiyya. Na ɗauka irin wannan a'ar ce. Na ce masa ya bar mana komai, na shanye shayina na tafi.

To, a ajinmu akwai wani Bahaushe haifaffen Makka, kakanninsa ne suka zo, gidansu na unguwar Rusaifa, don haka muke ce masa ɗan Rusaifa. Hausarsa a daddafe take, kalma biyu sai ya tsoma Larabci. Da mota yake zuwa, ba ya yawan magana. Gaskiya tun kafin wannan rigima ba na sakin jiki da shi, gani nake irinsu suna yi mana kallon 'yan ƙauye. Da takardar ta iso hannunsa, ya karanta a tsanake, na ga fuskarsa ta canza. Ya maido mini ba tare da ya sa hannu ba, ya ce in sake rubutawa, in yi maganar tsada da wurin zaman ɗalibai, amma in cire sunan Baba da hotonsa da tarihinsa gaba ɗaya. Na ce in an cire Baba, to don wa ake koken? Ya ce shi dai shawara ya bayar, ya wuce.

Daga ranar na sa masa ido, kuma duk inda na duba sai in ga abin da nake nema. Sau biyu na hango shi tsaye da wakilin kamfanin, wani mai hular kwano da ke auna wurin, suna magana ƙasa-ƙasa. A karo na biyu har da kofin gahawar nan a hannunsa, wadda muka yi alkawarin ba mai taɓawa. Sannan na lura bayan sallar Azahar, lokacin da rumfa ba kowa, yakan je ya jingina da kanta suna ƙus-ƙus da Baba. Da sun hango ni sai su yi tsit, Baba ya kama wanke kofin da ya riga ya wanke. Na ce a raina, shi ke nan, kamfani ya saye shi, shi ake turawa ya tsorata tsoho. Ban riƙe wannan a cikina ba, na bi ɗaki-ɗaki ina faɗa. Cikin mako guda, in ya shigo aji sai hira ta mutu. Har ta kai muna zargin duk wanda aka gani ya gaisa da shi.

Ranar wata Talata, hannu ya kusa cika, na bar jakata a kan kantar takalma na shiga sallar Azahar. Ina fitowa na duba, ba takarda. Littattafaina na nan, wayata na nan, takardar kaɗai aka zare. Ni Allah ya yi ni da saurin hawa, a lokacin kuwa abin ya fi haka. Na tarar da shi a aji, mutane cike, malami bai shigo ba. Na tsaya a kansa na tambaye shi da ƙarfi ko shi ya ɗauka.

Bai musa ba. Ya ce, "Ni na ɗauka. Zo mu je gefe, minti biyu kawai."

"Ba inda za ni," na ce. "Mu ba ma ƙus-ƙus. Duk abin da za ka faɗa, faɗe shi nan kowa ya ji."

Ya waiga ya dubi ajin, mutum kusan arba'in, ƙasashe daban-daban, kowa ya zuba masa ido. Ya sake cewa in zo gefe, ya haɗa ni da Allah. Ni kuwa na ɗauka toshiyar baki zai ba ni. Na kira shi ɗan koren kamfani, na ce ya ci amanar dattijon da ya isa ya haife shi. Na faɗi wasu maganganu a kan haifaffun can waɗanda ba zan maimaita ba. Ya tattara littattafansa ya fita.

Satar takardar sai ta zama mana talla. Na sake rubutawa daga kaina, ban rage ko harafi ba, cikin kwana biyu muka tara hannu fiye da na farko. Wannan karon a cikin rigata nake yawo da ita, kuma da kaina na kai ofis.

Jami'in da ya karɓa dattijon kirki ne. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce maganar kamfani an gama, ba shi da ikon tsayar da ita, amma mutumin da ya yi wa ɗalibai hidima haka ba za a watsar da shi ba. Zai sa a ware masa lungu a sabon ginin, a yi masa rajista da sunansa. Ya ce gobe in kawo masa kwafin igamar Baba, shi kuma zai kira mai lasisin yanzu.

Da gudu na isa rumfar, ina haki, na zayyana wa Baba mun yi nasara. Yana riƙe da buta. Ya ajiye ta a hankali.

"Da sunana a ciki?"

"Cikakke, Baba. Har da hoto."

Ya goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya saka da alheri." Ya juya ya shiga jera kofuna a kwali. Wallahi ko a lokacin ban gane ba, cewa na yi murna ce ta hana shi magana.

Washegari rumfa a rufe. Labari ya zo cewa da aka kira mai lasisin, tsoron hukunci ya kama shi, ya ce shi bai san mutumin ba, ya kuma riga kowa kai rahoto don ya wanke kansa. Baba ya zo da safe ya kwashe 'yan kayansa, jami'an tsaro suka tsare shi a ƙofar jami'a. Kafin La'asar an wuce da shi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu.

A wurin ajiye motoci na samu ɗan Rusaifa. Ban san da wace fuska na tunkare shi ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce Baba bai taɓa mallakar igama ba, tun da ya sauke Hajji ya zauna. Duk haifaffen Makka ya san irin wannan zama, kuma ba a tambaya, ba a faɗa, ko a cikin gida ba a ɗaga murya a kai. Shi kansa Baba ba zai iya buɗe baki ya gaya wa ɗalibin da ya zo jiya ba. Mahaifin ɗan Rusaifa ya riga ya samo masa wata rumfa a unguwar Kudai kusa da tashar motoci. Tsayuwar da yake yi da wakilin kamfani, ranar rushewa yake son ji, don Baba ya zame a hankali ba wanda ya lura. Saura kwana tara.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Sau biyu na ce ka zo gefe," in ji shi. "A gaban mutum arba'in kake so in ce ba shi da takarda?"

A nan na ji cewa Baba yana da mata da 'ya'ya mata uku a unguwar Shisha, duka a can aka haife su, su ma ba takarda, don haka ko zuwa sallama da shi ba su isa su yi ba. Ɗan Rusaifa ya kwatanta mini gidan. Na yi shekara ɗaya da rabi a Makka bayan wannan, sau uku ina shiga tasi zuwa unguwar, ina isa bakin layin sai in ce wa direba ya juya. Kamfanin ya buɗe shagonsa, waɗanda suka sa hannu da yawa suka koma shan gahawarsa, zancen ya mutu a wurin kowa ban da ni.

Bayan na gama na dawo gida, na yi ta cigiya har na same shi a wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, a gidan ɗan wansa. Sa'o'insa duk sun rasu, yaran gidan ba su san shi ba sai a labari. Ya rame, yana zaune a kan tabarma a zaure. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na yi shekaru ina shiryawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ya san don Allah na yi, wannan ya wuce. Sannan ya matso, idonsa ya kawo haske, ya kama hannuna.

"Ka ga yaran kafin ka taho? Ƙaramar ta yi tsawo?"

Ya jira, ya jira, sannan ya saki hannuna a hankali ya ce a kawo mini ruwa.

Abin da wannan ya koya mini, na biya shi da rayuwar wani, ba da tawa ba. Na zargi mutumin da ya fi ni sanin wurin don kawai ba ya magana irin tawa, na kuma yarda da kaina don ina da niyya mai kyau. Yanzu in na tashi taimakon mutum ya ce in bari, ba na cewa kara ce, nakan zauna in tambaye shi dalili, in bai faɗa ba in bari ɗin. In kuma wani ya ce in zo gefe, ko ba na ƙaunar ganinsa, sai na je na ji.