Kuskus ɗin Masar Ya Ja Mini

Jama'a, yau na jawo an zuba miyar kaza a kan sukari, kuma baƙuwa ta ci!

Goggo Rabi, yayar Abbanmu, ta sauka daga Kano. Tun jiya Umma ke fargabar girkin da za ta yi mata, don Goggo ba ta raga wa tukunyar kowa. Umma ta ce in nemo kuskus a yi shi kamar dambu.

Na zaga unguwarmu ta Ard al-Liwa a nan Masar har takalmina ya fara neman gafara. Shagon farko babu. Na biyu a rufe. Can sai ga wani dattijo da amalanke, kuskus dafaffe yana ta tururi! Na ce khalas, shi ke nan, na huta. Yana zubawa ina danna waya, ban ga abin da ya barbaɗa ba.

Na juye a kula. Umma har da "Allah ya yi miki albarka, Ummi." Ta kwarara miya, ta kai wa Goggo.

Loma ɗaya Goggo ta tsaya da tauna. Ta ce wa Umma, "Hajara, haka kuke ci a nan, ko ni kaɗai aka yi wa?"

Umma ta ɗanɗana. Ta juyo ta dube ni. Wallahi sai da na tuno duk zunubaina!

Ashe su Misrawa da sukari da man shanu suke cin kuskus, kamar alawa.

Yanzu Goggo na cin shinkafar maƙwabta. Ni kuma ga ni gaban tire, Umma na tsaye a kaina. Ta ce ko ƙwaya na bari, da ita zan karya gobe. Na gaji, wallahi.