Numfashin Kunkurun Baba

Wata Asabar ce, a daminar da na shiga aji biyar na firamare, Baba ya dawo gidanmu na Samaru da wani abu naɗe cikin buhun siminti. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke-wanke, ƙannena suna langa a gindin mangwaro. Ya kwance buhun, sai ga kafireta da wata baƙar tukunyar tace iska, duk sun yi tsatsa, suna wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Kayan tsohuwar motarsa ne, wadda muke kira Kunkuru, mai inji a baya. An daina kawo sababbi, sai da ya karaɗe Sabon Gari kafin ya samu na hannu a shagon wani dattijo, Oga Chidi.

Makanike na ɗaura su motar ta tashi, amma ta koyi wani hali. In aka kashe ta, sai a ji tukunyar tana jan iska a hankali, ta saki, ta sake ja, kamar mai barci. Kajin Mama suka daina fakewa a ƙarƙashinta, mu ma muka mai da carafkenmu bayan gida. Sai ƙanena Ayuba, mai ciwon asma, ya fara sarƙewa duk Lahadin da aka sa shi a motar zuwa coci. Mama ta ce, "Malam, motar nan numfashin ɗana take sha." Baba malamin kimiyya ne. Dariya ya yi, ya ce inji ne ke hucewa.

Wata Lahadi da rana tsaka, muna dawowa daga gaisuwa a Palladan, motar ta mutu a gefen gonakin masara. Ko'ina tsit, ko kukan tsuntsu babu. Bayan kujerarmu kuwa tukunyar tana ja tana saki, fiye da yadda ta saba. Na duba na ga Ayuba ya langaɓe a jikina, baki buɗe, ƙirjinsa ba ya motsi. Na ƙwalla ihu, Mama ta fizge shi. Ban taɓa ganin Baba ya yi gudu ba sai ranar. Bayan motar ya zaga, ya ɓalle tukunyar da hannu duk da zafinta, ya wurga ta cikin masara. Nan take Ayuba ya yi tari, ya fashe da kuka.

Da Asabar ta zagayo na raka Baba shagon Oga Chidi. Dattijon ya ce daga motar wani tsoho aka ciro kayan, wanda aka tsinci gawarsa a rufaffen gareji, inji na aiki. "Na san za ka ce camfi ne, Malam, shi ya sa ban faɗa ba." Daga baya likitan da ya duba Ayuba ya ce hayaƙi ne ke shiga ta ƙarƙashin kujera. Baba ya gyaɗa kai, amma bai sake tayar da Kunkuru ba, har ciyawa ta rufe tayoyinta.

Yau Ayuba ya fara furfura, gonakin nan sun zama shaguna, matasan makanikai ma da yawa ba su taɓa kwance kafireta ba. Ina kewar gidan har da tsoronsa, don a lokacin akwai Baba da zai zaga bayan mota. Yanzu in abu ya tsorata ni, ni ce babba.