Fiton Maliki a Mashigin Rafi

Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamar bayan Argungu ya san Maliki mai karnuka. Shekara arba'in yana bin gefen rafi da sassafe, sanda a kafaɗa, karnuka na gaba suna kore birai daga gonakin mutane. A da har bakwai yake fita da su, lokacin da kurmin ke da duhu, kanya na zuba ba mai tsinta. Yanzu saura biyu, Duna da Gajera, su ma sun tsufa kamar mai su.

Da daminar bana gwiwa ta matsa masa, sai ɗansa Musaddiq ya zo daga Birnin Kebbi da mota.

"Baba, ɗaki na nan Gwadangaji an gyara maka. Amma gidan haya ne, ba a aje kare."

Maliki bai yi gardama ba, shi da ma ba mai yawan magana ba ne. Ya ce a ɗaure kaya, shi zai kai karnukan wurin Isuwa, wani tsohon malamin dabbobi da ke da lambun mangwaro a ƙetaren rafi.

Tafiyar rabin awa, bawan Allahn nan sai da ya ci awa biyu. Ciyawa ta kai ƙugu, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Ya tsaya gindin giginyar da ya binne karensa na fari, ya tsaya inda marigayiya Uwa, matarsa, kan kawo masa fura. Gajera ta faɗa ruwa ta fito ta kakkaɓe masa a riga, ya zage ta kamar kullum, sai kuma abin ya ba shi tausayi.

Isuwa ya karɓe su hannu biyu, ya zuba musu tuwo.

"Malam Maliki, tafi yanzu suna ci. Kada ka waiwaya, kada su ji muryarka. Kwana uku za su saba."

Haka ya yi. Ya sulale ta bayan mangwarori, ya naɗe wando, ya ratsa ruwan da ya kai masa gwiwa. Yana taka tudu sai bakinsa ya riga hankalinsa, ya yi fiton nan da yakan yi duk sa'ad da ya haye, don na baya su taho. Wallahi bai san ya yi ba, sai da ya ji facal-facal a ruwa. Ga Duna a gaba yana ɗingishi, tuwo a baki.

Ya daɗe tsaye, kunya da daɗi sun haɗe masa.

Da ya iso gida su biyu na biye, ya tarar Musaddiq ya gama ɗora kaya a mota.

"Sauke min tabarmata da buta," in ji Maliki. "Ni na kira su. Ba ni iya korar wanda na kira."